Wasiƙa zuwa ga Bulus a Juba

Wusasa, Zariya

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Dauda da yara. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari, da safe ko dutsen Kufena ba a hangowa. Baba yana gaishe ka, ƙafar ce dai take damunsa.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta wa dattawan ikilisiya. Da na zo inda kake ba da labarin yaran da ke kwana a rumfunan kasuwar Konyo Konyo, suna shaƙar sholisho don yunwa ta lafa su samu barci, sai da wata uwa a cikinmu ta share hawaye. Allah ya saka muku da kuke fita da tukunya kuna ciyar da su.

Ka ce wani bawan Allah ya yi alkawarin gina muku babban gidan marayu, kana son jin ra'ayina. Bulus, tsakanina da kai babu ɓoye-ɓoye: ban goyi baya ba, ko da za a yi ba yanzu ba.

Kai da kanka ka rubuta cewa yawancinsu ba su san ko iyayensu na da rai ba. To rashin sani daban, maraici daban. Tun da faɗa ya ɓarke a Sudan ta Kudu tsakanin mutanen shugaban ƙasa Salva Kiir da na tsohon mataimakinsa Riek Machar a Disamban 2013, an kiyasta mutum kusan 400,000 sun rasu, wajen miliyan 4 kuma sun bar gidajensu. An sa hannu a kan sulhu a 2018, amma jama'a ba su gama haɗuwa da nasu ba sai ga yaƙin Sudan a Afrilun 2023, waɗanda suka fake a Khartoum suka sake kwararowa kudu ta Renk. A irin wannan gudu uwa kan bi gabas, ɗa ya bi yamma. Yaron da kake zuba wa wake yau, wataƙila gwaggonsa tana Bor, ko uwarsa tana sansanin Kakuma a Kenya ko Bidibidi a Yuganda, kullum tana tambayar matafiya ko sun ga ɗanta.

Abin da nake tsoro shi ne, da zarar an yi gini an jera gadaje, neman dangi zai koma baya. Hankalinku zai tafi ga buhunan masara da albashin masu gadi, mai ba da kuɗi kuma zai so ya ga gadajen a cike. Yaro zai ƙoshi, zai yi karatu, ban musa ba. Amma ranar da ya kai shekara 18 aka ce ya kama gabansa, ina ya nufa? Ba shi da gona, harshen iyayensa ya fara kuɓuce masa, ba shi da baffan da zai tsaya masa. Ka fi ni sanin ƙabilun Dinka da Nuer, da shanu ake aure, shanun kuwa dangi ke haɗawa. Sai ka ga an raini saurayi lafiyayye mai takarda a hannu, amma babu wanda zai ce nasa ne.

Ka tuna yaran Gulu a arewacin Yuganda, waɗanda kullum da yamma suke takowa cikin gari su kwana don kada mayaƙan Joseph Kony su sace su? A 2003 Akbishop John Baptist Odama da sauran shugabannin addini suka je suka kwana tare da su a tashar mota, har duniya ta waiwayo. Da ƙura ta fara lafawa bayan 2006, yaran nan wajen iyayensu suka koma kwana.

Shawarata, ku roƙi mutumin ya raba kuɗin. A kama ɗan madaidaicin gida inda yaro zai kwana ba tsoron duka, ya yi wanka, a wanke masa gyambo, a lallaɓa shi har ya rabu da sholisho, wanda ba aikin mako ɗaya ba ne. Sauran kuɗin ya tafi ga nema. Ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana haɗa waɗanda yaƙi ya raba, ku kai musu sunaye. Kuna kuma da ikilisiyoyi har ƙauyukan da mota ba ta shiga. A aika wa fastoci sunan yaro da na ubansa da na kakansa, a karanta bayan sujada ran Lahadi. Zumunta a ƙafa take, dole wani ya taka ya je ya ga gidan da idonsa.

Kada kuma a ajiye yaro a juya. Ka ga yadda aka yi nan a 2020 lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Waɗannan ma da iyayensu da malamansu, amma ba a jima ba wasu suka dawo, don abin da ya fitar da su yana nan. In an mayar da yaro, a bi shi da kuɗin makaranta, a ba gidan iri ko akuya, a riƙa leƙawa. Na san akwai waɗanda komawa ba za ta yiwu ba, kamar wanda aka ɗora wa bindiga yana ƙarami har ƙauyensu suke tsoronsa, ko wanda azabar gida ce ta koro shi. Waɗannan a samo musu iyali cikin ikilisiya su riƙe su kamar nasu.

Abu guda kuma, don Allah kada tuwo ya zama ladan sauraron wa'azi. Cikin waɗanda suka taso daga Khartoum akwai 'ya'yan Musulmi. Mu da muka tashi a Wusasa, maƙwabtanmu da danginmu Musulmi, mun san yadda amana take da wuyar samu. Ku ciyar da kowa, ku yi addu'arku a fili, wanda ya tambaya ku gaya masa dalilinku.

Ba ka ce komai a kan 'yan mata ba, alhali su ne suka fi shan wuya da dare. Ku sa mata a cikin aikin, don yarinya ba za ta faɗa wa namiji abin da ya same ta ba.

Zumuntar mata sun yi baiko na musamman, matasa ma sun kawo nasu. Ka gaya mini hanyar da ta fi aminci in turo. Sun roƙi sunayen yaran don addu'a, amma sunan fari kawai, kada ka turo hotunan fuskokinsu. Ka gaida Maman Dauda, ka ce Ladi tana nan tana haɗa mata daddawa da kuka, sai mun samu mai tafiya.

Naka har kullum,
Ishaku