A Bar Masu Zane Su Zuba Wa Gona Launi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka don in tanka wata magana da nake yawan ji duk lokacin da matasanmu suka baje zane-zanensu na fentin mai: wai launin ya yi yawa, gona ba haka take ba. Na yi shekaru ina koyar da zane a makarantar sakandare, kuma ni ɗan manomi ne, don haka maganar ta shafe ni ta fuska biyu.

Masu wannan suka sun saba da zanen da ake sayarwa a bakin otal: bukka, rumbu, mace ɗauke da tulu, komai ruwan ƙasa kamar an zana shi tsakiyar hunturu. To amma wa ya ce gonarmu haka take duk shekara? A je wajen Kura da Kadawa lokacin da ake shanyar tumatir da tattasai, ja ne jawur har inda ido ya tsaya. A dubi gonar gero a watan Agusta idan hadari ya haɗo daga gabas: sama ta yi shuɗi mai duhu, ganye ya yi kore shar, jar ƙasa tana leƙowa tsakanin kunya. Wanda ya zana wannan da launin toka shi ne bai duba da kyau ba.

Turawa ma sun yi wannan gardama. Vincent van Gogh, mutumin Holan, ya fara da duhu. Zanensa na 1885 na manoma suna cin dankali sai ka ƙura ido kafin ka gane fuskoki. Da ya sauka garin Arles a kudancin Faransa a 1888 ya ga rana irin wadda bai saba ba, sai hannunsa ya canza. Ya ɗauki siffar mai shuka daga zanen Jean-François Millet na 1850, wanda launinsa a kwance yake, ya sake ta: sama ruwan ɗorawa, rana ƙatuwa a bayan mutumin, ƙasar da yake watsa wa iri kuma shuɗi da shunayya da ɗigon ruwan goro. Babu manomin da ya taɓa huɗar shuɗiyar ƙasa, amma duk wanda ya taɓa wuni a gona, in ya kalli zanen nan zai ji zafin ranar a ƙeyarsa. A shekarar ce kuma ya zana gonar inabi ja zur ƙarƙashin sama rawaya, zanen da aka saya a 1890 kan faran 400, yanzu yana gidan tarihi na Pushkin a Mosko.

Sai dai ina da ja da ɗalibaina su ma. Wasu sun ɗauka ƙarfin launi shi ne ka matso fenti daga kwalinsa ka lafta yadda ya zo. A'a. Launi da maƙwabcinsa yake magana. Rawaya ba ta haske sai an ajiye shunayya kusa da ita. Ja yana tashi ne a gefen kore. Ruwan goro yana son shuɗi. In kana zana damin dawa a masussuka da yamma, kada ka yi inuwarsa da baƙi, ka yi ta da shuɗi ko shunayya, za ka ga zangarniyar ta kama wuta da kanta. Kuma a bar wa ido wurin hutawa. Miya in duk barkono ce ba ta shawuwa.

A nan Zariya ƙarfin launi ba baƙon abu ba ne. Marigayi Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da shuɗi aka san shi, har fatar mutane yakan yi ta shuɗiya, kuma ba a ce ya ɓata sana'a ba. Ga iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai kuwa, gona da bishiya da sararin sama fili ne da yaro zai yi ta aiki ba tare da an shiga saɓanin malamai ba.

Abu guda da zan gargaɗi matasa a kai shi ne ingancin fenti. Van Gogh kansa bai tsira ba: wasu jajayen da ya yi amfani da su sun koɗe, har bangon ɗakin kwanansa da ya zana da shunayya yau shuɗi ake gani, wata rawayar kuma ta yi duhu. In kuɗi bai kai ba, gara launi biyar masu kyau da ashirin na araha, sauran a haɗa su da hannu. Kuma mai saye kada ya rataye zanen inda rana ke dukansa ta taga.

Naku,
Tsohon malamin zane,
Zariya.