Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Tarihin CCA Legas Ya Sauya Mana

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa membobi maza da mata.

Ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu zane da ɗaukar hoto 'yan Arewa mazauna Legas ta yi a shekarar da ta ƙare. Zan fi daɗewa a kan aiki guda, domin shi ya ci mana rabin shekara, shi ne kuma ya sauya shawararmu kan kuɗin asusu.

Kun tuna ja-in-jar da aka yi a babban taron bara: mu kama shago mu buɗe wurin baje kolin ayyukanmu, ko mu dakata? Dattawanmu suka ce a fara ganin yadda waɗanda suka riga mu suka yi. Aka naɗa kwamiti ya binciko tarihin Cibiyar Fasahar Zamani ta Legas, wadda aka fi sani da CCA, da ke titin McEwen a Sabo, Yaba. Ga abin da kwamitin ya kawo.

Marigayiya Bisi Silva ce ta kafa cibiyar, aka buɗe ta a watan Disamba na 2007, ba don neman riba ba. Ta yi karatun shirya baje koli a Landan, ta dawo gida ta tarar da shagunan sayar da zane a Legas, amma da wuya matashi ya sami inda zai zauna ya karanta abin da ake yi a Dakar ko Johanasbag, ko ya gwada aikin da babu attajirin da zai rataye shi a falo. Hoto, bidiyo da aikin da ake yi da jiki a gaban jama'a, waɗanda kasuwa ba ta damu da su ba a lokacin, su ta ba wa wuri. Cikin baje kolin farko akwai na Lemi Ghariokwu, mai zana bangon fayafayan mawaƙi Fela Kuti. A 2008 aka nuna aikin Ndidi Dike kan cinikin bayi, da hotunan George Osodi na yankin Neja Delta. A 2014 cibiyar ta shirya wa El Anatsui, mai sassaƙa ɗan Ghana, baje koli lokacin da ya cika shekara 70.

Sai dai abin da ya fi tsaya wa kwamiti a rai, ni ma haka, shi ne ɗakin karatun. Dubban littattafai da mujallu kan fasahar Afirka da ta duniya, a unguwar da ke cike da ɗalibai, kusa da Kwalejin Fasaha ta Yaba da Jami'ar Legas. Baje koli yakan yi 'yan makonni a kwashe shi, amma littafin yana nan a kan kantar littattafai yana jiran yaron da zai zo bayan shekara goma. Daga wannan tunani ne makarantar Àsìkò ta fito a 2010, kalmar da ke nufin lokaci da Yarabanci. Ana tara matasa daga ƙasashen Afirka su yi makonni suna karatu da gardama kan ayyukan juna. Bayan Legas ta je Akara a 2013, Dakar a 2014, Maputo a 2015, Adis Ababa a 2016. Bisi Silva ta jagoranci bikin hotuna na Bamako a 2015, ta rasu ranar 12 ga Fabrairu 2019 tana da shekara 56.

Wani abu kuma da ya taɓa masu ɗaukar hoto a cikinmu shi ne littafin da cibiyar ta fitar a 2014 kan marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya riƙa ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu. Da aka nuna hotunan a zamanmu na wata-wata, wata 'yar uwa ta ce, “To mu wa ke ɗaukar namu kitson da lallen?” Ɗakin ya yi tsit. Mu da muke tutiya cewa a Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, da aka tambaya wa ke da ko takarda ɗaya kan wannan tarihi a gida, babu wanda ya ɗaga hannu. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Saboda haka shugabanni suka jingine batun shago. Abin da ya shigo na kuɗin wata-wata an sa shi a kantar littattafai guda, da littattafai na gwanjo, da faifan ajiyar hotuna. Kantar tana ɗakin da wani dattijonmu ya ba mu aro a Agege, Allah ya saka masa da alheri. Mata membobi sun fara ɗaukar hotunan kitso da zanen lalle a Agege da Idi-Araba, da izinin masu shi, ana rubuta sunan kowane salo da Hausa kamar yadda makitsa ke faɗa. Na san akwai waɗanda ba su ji daɗin wannan shawara ba, musamman masu neman inda za su sayar da aiki, kuma ƙorafinsu yana kan hanya, haya da cefane ba sa jira. Za a sake buɗe maganar a babban taro.

Sauran ayyuka a taƙaice: koyar da yaran unguwa zane ranar Asabar ya ci gaba, ko da yake damina ta katse shi. Ziyarar Zariya da aka tsara ba ta yiwu ba saboda tsadar mota. Fassara taƙaitaccen tarihin CCA zuwa Hausa don 'yan uwanmu na Kano da Damagaram ta tsaya a rabi, kuma laifin ofishina ne, ina neman afuwa.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a taro. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar. Wanda ke da tsohon hoto na iyaye, ko katin gayyatar baje koli, ko yankakken shafin jarida, ya zo da shi. Za mu kwafa mu mayar masa da abinsa a ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya