Hajiya, in ajiye aikin ofis in ƙarasa wasan da nake ƙerawa, matata ta riƙe gida?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki sannu da ƙoƙari. Allah ya saka miki bisa yadda kike sauraron damuwar jama'a a wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana, domin maganar ba ta kai kunnen mahaifina ba tukuna, kuma ba na so ya fara jin ta a bakin wani.

Ni magidanci ne a Kano, shekaruna sun ɗan haura 30, ina da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Kimiyyar kwamfuta na karanta, yanzu ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, ni ke kula da kwamfutocinsu da intanet ɗin ofis. Albashin ba na yin arziki ba ne, amma ba ya tsallake wata. Matata tela ce, a gida take ɗinki, tana da 'yan mata masu koyo a hannunta, kuma Alhamdulillahi sana'ar tana da albarka.

Bayan aikin ofis ina da wani aikin da na fi ƙauna, wato ƙera wasan kwamfuta, abin da yara ke kira gem. Akwai manyan kamfanoni a Amurka da Japan da Turai masu ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata don wasa guda, akwai kuma irinmu masu cin gashin kansu, mutum ɗaya ko biyu a ɗaki, ba jari, ba ubangida. Ni da wani abokina mai zane da ke Zariya muke yi. Shi ke zana mutane da dabbobi da garuruwa, ni nake rubuta manhajar da labarin, da injin haɗa wasa na Godot, wanda kyauta ne. Abokin nawa ban taɓa biyansa ko sisi ba. Mun yi alkawarin raba abin da aka samu biyu.

Wasan a kan fatauci ne. Mu Agalawa ne, kakanninmu suna cikin waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro. A wasan, kai ne madugu. Za ka loda wa jakuna kanwa da rinannun tufafin Kano da jar fata da gabu, ka zaɓi jagaba da uban dawaki da malamin ayari, ka ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ka ratsa ƙasar Bargu, kana biyan fito a inda sarakuna suka tare hanya, kana zaɓen zangon da za a kwana, har Salaga, kasuwar goro ta Gwanja a ƙasar Gana ta yau. A dawowa ne wasan ke yin zafi, domin goro ba ya son fari: in ba a naɗe shi da ganye ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe ba, kafin a iso kasuwar Kurmi an yi asarar rabin kaya. Da Hausa da Turanci na rubuta shi. Hajiya, ban taɓa ganin wasan da mutum zai buɗe ya ji ana ciniki da "albarka" da "sallama" ba, kuma ina so in ga ranar da 'yata za ta buga irinsa.

Yau shekaru ke nan ina yi da daddare. In na dawo daga ofis na ci abinci na yi isha'i, sai in zauna gaban kwamfuta har tsakar dare ya gota, in batirin sola ya kai ni. A wannan sana'a mai cin gashin kansa shi ne komai. Shi ke rubuta manhaja, shi ke farautar tangarɗar da ke kashe wasan a kwamfutar wani alhali a tasa lafiya ƙalau, shi ke haɗa sauti, shi ke yanka bidiyon talla, shi ke rubuta wa masu nuna wasanni a YouTube saƙon da yawanci ba a amsawa. Gyaran abu ɗaya kan ɓata uku. Jiki kuwa magayi: idona ya fara gajiya, bayana na ciwo, ina gyangyaɗi a ofis, kuma sau da yawa 'yata na yin barci ba mu yi hira ba. Da wannan tafiyar hawainiya sai na ƙara wasu shekaru uku ko huɗu, abokina kuma ya fara gajiya da zanen da ba ya kawo ko kuɗin data. In na zauna a kansa safe da yamma, na ƙiyasta shekara ɗaya da rabi za ta isa.

To, ga inda maganar take. Matata ce da kanta ta same ni ta ce in ajiye aikin ofis. Ta ce za ta ɗauki cefane da kuɗin makarantar yarinya daga ɗinkinta, kuɗin haya kuma za ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da mahaifiyarta ta ba ta lokacin biki. Ban roƙe ta ba, ban ma taɓa yi mata shaguɓe a kai ba. Ta ce ta gaji da ganina rabi a nan rabi a can, gara in yi abin gaba ɗaya a san matsayinsa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Bari in faɗa miki lissafin yadda yake, don kada ki ɗauka mafarki kawai nake yi, kada kuma ki ɗauka kuɗi ne a ƙasa. A nan gida ba a saba sayen wasa ba. Yaro zai je wurin masu turi a kasuwar waya a zuba masa, ko abokinsa ya tura masa ta Xender. Don haka kasuwata tana waje, a dandalin Steam, inda ake sayar da wasannin kwamfuta da dala. Ana biyan dala 100 kafin a sa wasa a can, kuma suna cire kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki. Da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, abin da aka sayar wa mutanen Amurka ana sake cire kashi 30 na haraji daga rabona. Wanda ya saya bai buga awa 2 ba yana iya mayarwa cikin kwana 14 a ba shi kuɗinsa. Ga rangwamen da dole a riƙa yi, ga farashi mai sauƙi ga ƙasashe marasa ƙarfi. In na sa wasan dala 10, a ƙiyasina abin da zai shigo hannu bai wuce dala 5 ba, in raba da abokina ya zama 2 da rabi. Gidana na cin kusan naira 300,000 a wata. In an ɗauki canjin naira 1,500 kan dala, watanni 18 sun kama dala 3,600. Ke nan sai na sayar da kwafi kusan 1,500 kafin in mayar da abin da aka ci kawai, ba a zo maganar riba ba.

Kwafi 1,500 kamar ba yawa a duniya mai cike da mutane. Amma a shekarar 2023 wasanni sama da 14,000 aka fitar a Steam, a 2024 suka haura 18,000, wato kusan 50 kowace rana. Mafi yawansu suna fitowa su nutse ba wanda ya ji labarinsu. Na saki ɗanɗanon wasan kyauta a bikin nuna sababbin wasanni da Steam ke yi sau uku a shekara. Waɗanda suka buga sun yaba, har wani daga Jamus ya rubuto yana tambayar mene ne kanwa, wani Bahaushen Kumasi kuma ya ce kakansa a zangon Salaga aka haife shi. Wallahi na ji daɗin waɗannan saƙonni ƙwarai. Sai dai waɗanda suka sa wasan a jerin abin da suke jiran fitowarsa 'yan ɗaruruwa ne, kuma masu sana'ar sun san ba duk mai jira ne ke saye ba.

Abokaina masu ƙarfafa mini gwiwa kullum misalinsu Eric Barone, Ba'amurken da ya yi Stardew Valley shi kaɗai. Ya shafe sama da shekara 4 yana aikin, wasan ya fito a watan Fabrairun 2016, yanzu an sayar da kwafi sama da miliyan 40. Gaskiya ne. Amma ni abin da na riƙe a labarinsa daban ne: a waɗannan shekarun ɗan aikin wucin gadi yake yi na nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasan kwaikwayo a Seattle, budurwarsa ce ta ɗauki mafi yawan nauyin gida. A Kamaru ma, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games na Yawunde sai da suka sayar wa masu zuba jari hannun jari kafin wasansu Aurion ya fito a 2016. Duk wanda na bincika a wannan sana'a sai in tarar akwai mai riƙe masa tukunya a bayan fage. Waɗanda abin ya yi wa kyau ake ba da labarinsu. Matan da suka sayar da zinarensu wasan bai karɓu ba, ba mai zuwa ya yi hira da su.

Na nemi hanyar tsakiya. Na roƙi hutun shekara ba albashi a wurin aiki, aka ce babu wannan tsarin. Na duba neman aiki a kamfanin wasanni don in koyi sana'ar ana biyana. A Legas akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, a Accra akwai Leti Arts, amma guraben kaɗan ne, kuma ƙaura da iyali zuwa Legas wani babban lissafi ne. Na waje kuwa su ma suna kuka: a Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninta, Unity mai injin haɗa wasa ta sallami kusan 1,800. Wani kamfanin dillancin wasanni ya nuna sha'awa, da sharaɗin a mayar da shi wasan waya na kyauta, a sa akwatunan sa'a da yaro zai saya da kuɗi bai san abin da ke ciki ba. Wannan a wurina caca ce, hukumar Beljiyam ma haka ta ɗauke shi tun 2018. Na ƙi, kuma ko yau aka dawo da tayin zan ƙi.

Na tambayi wani malami da nake ganin girmansa. Ya ce ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji, amma in mace ta yafe ko ta taimaka da daɗin ranta, ba tilas ba kunya, halal ne. Na gamsu da hukuncin. Abin da bai warware mini ba shi ne zaman da za a yi bayan haka. Na san garinmu. Ranar da danginta suka lura ba ta sa zinarenta a biki, za a tambaya. Ranar da maƙwabta suka ga ina gida da hantsi ita tana kan keke, sunana ya zama mijin Hajiya. Ni zan iya toshe kunne, amma ita ce za ta sha habaici a gidan suna. Kuma ina tsoron ranar da ciniki zai yi ƙasa, yarinya ta kwanta rashin lafiya, ta dube ni ina gyara tafiyar jaki a allon kwamfuta. Ko ba ta furta komai ba, zan gani a fuskarta.

Don in sami natsuwa na ce mata mu rubuta: ko dai bashi ne da zan biya, ko jari ne da za ta sami kasonta a wasan, da shaidu biyu. Ranta ya sosu. Ta ce yanzu tsakanina da ita har sai an kira shaidu? Ni kuwa don kare haƙƙinta na faɗa, domin rai ba a bakin komai yake ba, in na faɗi gobe ba na so dukiyarta ta narke a cikin gado.

Sai mahaifina. Shi ya yi mini hanyar wannan aikin ta hannun wani amininsa, bayan na daɗe ina yawo da takardu. A wurinsa gem shi ne abin da ke hana yaran unguwa zuwa Islamiyya. In na ce masa zan bar albashi a wannan zamani da aka cire tallafin mai, komai ya ninka, don in ƙera wasa, na san amsarsa: da hanau gara mannau. Ba zan iya cewa bai yi gaskiya ba. Kuma ban taɓa yanke babbar shawara ba da albarkarsa ba. In na saki wannan aikin, ba ni da tabbacin samun irinsa bayan shekara biyu.

Hajiya, ke kin ga aure iri-iri, kin san abin da kuɗin mace ke yi wa zaman gida, na alheri da akasinsa. Shin ya dace in karɓi wannan kyauta daga hannun matata, alhali ni da kaina na san faɗuwa ta fi nasara kusa? In zan karɓa, ta yaya zan sa ta yarda a rubuta ba tare da ta ji kamar na mayar da ita baƙuwa ba? Iyayenta fa, a sanar da su tun yanzu, ko maganar ta tsaya tsakaninmu? Akwai kuma tunanin da nake yi na in karɓi taimakon cefane amma in hana a taɓa zinaren, in fara tara kuɗin hayar shekara biyu daga albashina kafin in ajiye aikin, ko da hakan zai ja ni wata shekarar, in abokina zai iya jira. Ko kina ganin wannan ma dabara ce kawai ta ɗaga ranar da ba zan taɓa cikawa ba?

Na fi buƙatar ki nuna mini yadda zan tunkari Baba. In fara kai masa maganar da baki, ko in ɗauki kwamfutar in je in nuna masa ayarin yana fita ta ƙofar gari, ya ga hanyar da kakansa ya bi? Ko in nemi ƙaninsa, wanda ya fi shi sanin harkar zamani, ya shige mini gaba?

Kuɗin hayarmu zai cika nan da wata uku, kuma matata ta ce kafin lokacin take so mu tsayar da magana. Ina sauraron amsarki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanki, wani magidanci daga Kano