Fim ɗin da ba a kashe masa kuɗi ba ma yana hana barci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutun da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda mai rubutun yake cewa irin fina-finan nan na ban tsoro da ake ɗauka da kyamara ɗaya tana rawa a hannu, waɗanda ake nunawa kaman wai tsintar kaset ɗin akayi bayan masu ɗaukan sun ɓace, wai babu komai cikinsu sai duhu da ihu da jiri, wai rashin kuɗi ne kawai ake ɓoyewa. Da girmamawa nake cewa ban yarda da shi ba, ko ince na yarda da rabi. Ni sana'ata gyaran waya da tura fim a memori a nan Kumasi, dan haka ina ganin wanda ya karɓi fim ya dawo yana zagi, ina kuma ganin wanda ya dawo yana cewa masa kar ka ƙara bani irin wannan, jiya da fitila na kwana. Kuma sau da yawa fim ɗaya suka kalla su biyun.

Rashin kuɗin gaskiya ne, ba wanda ya musa. The Blair Witch Project da ya fito a 1999, samari biyu ne suka shirya shi, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, ɗaukarsa bata ci fiye da wajen dala dubu 60 ba, cikin kwana 8 a wani daji a jihar Maryland ta Amurka, amma ya kawo kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity ma ya fi shi arha, Oren Peli a cikin gidansa na San Diego ya ɗauka cikin sati guda da kimanin dala dubu 15, da kamfanin Paramount ya sake shi a 2009 ya kawo sama da dala miliyan 190. To ni ban kawo wannan lissafin dan ince kuɗi hujja bane, shirme ma yana kasuwa, mun sani. Abinda nake so a duba shine me mutum yake yi idan bashi da kuɗi, sabida hanya biyu ce. Ko ya nace sai ya nuna dodon da ɗan abinda yake da shi, ko ya ɓoye dodon gaba ɗaya.

Ta farkon mun santa sarai, a garin Kumawood muke, wato masana'antar fina-finan Kumasi. Mayya ta tashi sama wuta na fita daga idonta, wutar kuma kana gani kasan a kwamfuta aka liƙa ta, ko mutum ya rikiɗa ya zama akuya da ƙara fiuu, yara ƙanana ma dariya suke. Wasu fina-finan aljanu na Kano ma haka, a shafa wa mutum farar hoda a zana masa baƙin kwalli har kunci a sa masa murya mai amsa-kuwwa, shikenan wai aljani. Ba raini bane, muna kallo muna jin daɗi, amma ba wanda ya taɓa kasa fita fitsari saboda su. Shi kuwa fim ɗin tsintuwa in ya samu mai hankali sai ya ɗauki hanya ta biyu. A Blair Witch tun daga farko har ƙarshe ba a nuna mayyar ko sau ɗaya. Ɗalibai uku ne suka shiga daji neman labarinta, suka wayi gari suka ga an tara duwatsu a gaban tantinsu, suka ga an rataye wasu karare da aka ɗaure da siffar mutum a jikin bishiyoyi, cikin dare suna jin muryar yara daga nesa, suka yini suna tafiya kudu suka dawo daidai inda suka tashi. Da ɗayansu ya ɓace sai aka ajiye musu wani ƙulli na itatuwa ɗaure da yagen rigarsa, yarinyar ta kwance ta ga haƙori da gashi da jini. Malam Edita duk wanda ya tashi a Zango yasan me ake ji in an wayi gari an ga ƙulli a bakin ƙofa, ba sai kowa ya nuna maka fuskar wanda ya ajiye ba.

Kuma tsoron da ke fuskar ƴan wasan ba duka ne wasa ba. Ba a basu cikakken rubutun magana ba, kyamarorin ma su aka miƙa wa, kullum ana rage musu abinci, cikin dare masu shirin su lallaɓo su girgiza musu tanti. Wajen awa 20 suka ɗauko aka tace ya koma minti 81. Shi yasa faɗansu yake kama da faɗan gaske, na mutanen da suka gaji suka ji yunwa kowa na ganin laifin kowa.

Amma in faɗi gaskiya, a wajena da wajen yawancin waɗanda nake tura wa, na dajin bai kai na ɗakin kwana ba. Mu ba mutanen shiga daji da tanti bane haka kawai dan nishaɗi, maƙwabtanmu Asante suna da Sasabonsam ɗinsu mai dogayen ƙafafu da yake zaune kan manyan bishiyoyi, suna da mmoatia, gajerun halittun daji masu ƙafa a juye, mu dai namu a gida yake, a banɗaki, a bakin kwata, a lokacin magariba da iyaye ke kora yara ciki. Shi yasa Paranormal Activity yafi kama mu. Mata da miji ne, ko ince saurayi da budurwa dan ba aure tsakaninsu, wannan kuma matsalarsu, suka kafa kyamara a ɗakin kwana tana kallon gado da ƙofa, suka kwanta. Shikenan fa. Kai kuma an barka kana kallon mutane biyu suna barci, agogo na gudu a gefen hoton, sai kaga agogon ya daina gudu ya koma tafiyar daidai, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa ya fara wanda ba kiɗa ba ne ba kuma iska ba, kai ma kasan wani abu zai faru amma baka san ta ina ba, idonka na yawo daga ƙofa zuwa bargo zuwa duhun baranda, sai ƙofar ta motsa kaɗan ta koma. Ƙofa ce kawai ta motsa! Zare ma zai iya jan ta. Amma a lokacin kai numfashinka ya tsaya.

Wurin da yafi tsaya min shine inda yarinyar ta tashi cikin dare ta tsaya a gefen gado tana kallon saurayin yana barci, bata ce komai ba bata yi komai ba, agogo na gudu, fiye da awa guda tana tsaye tana ɗan rangaji, da safe kuma bata tuna komai ba. Nawa aka kashe a wannan? Ko sidi ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai iska, ko ya taɓa riƙe ƙafar wata ana mata ruƙiyya, ko dannau ya taɓa danne shi yana ji yana gani ya kasa ko motsa yatsa balle ya kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu, wannan tsayuwar ba baƙuwarsa bace. Har labarin ma ya zo daidai da abinda muka sani, an ce abin tun tana ƴar shekara 8 yake bin ta, ba gidan yake bi ba, dan haka tashi daga gidan ba magani bane. Kakata da zata gani cewa zatayi ai wannan ya aure ta ne. Turkiyya ma sun gane haka, jerin Dabbe na Hasan Karacadağ kai tsaye aljani suke kira da sunansa harda ayoyi da masu ruƙiyya, na 2013 ɗin da salon tsintuwa aka yi shi, kuma shine wanda samari suka fi dawo min da shi suna cewa in goge.

To me yasa mai rubutunku bai ji komai ba? Ina zargin yadda ya kalla. Irin fim ɗin nan baya jure hayaniya. In ka kunna shi a waya da rana tsaka cikin trotro, motar haya, daga Kejetia zuwa Aboabo, mate wato yaron mota na ihu, rana na haska sikirin har baka ganin ƙofar balle motsinta, ba abinda zaka gani sai baƙi. In kuma a bes ne, majalisar samari, ana dafa ataya, mutum takwas kan waya ɗaya, wannan na fassara wancan na cewa chale tura gaba, to wallahi wasan barkwanci zai koma, dan dama kashi mafi yawa na fim ɗin jira ne, in ka tura jiran gaba ka zubar da fim ɗin. Sauran fina-finan tsoro masu kuɗi suna da kiɗa da zai ce maka yanzu ka firgita, suna da kyamara goma da zasu juya maka kai inda suke so. Wannan babu, kai zaka yi aikin da kanka, kai zaka cika duhun da abinda ke cikin kanka. Wanda ya saba da jin labarin aljanu tun yana makarantar allo yana da kayan cikawa da yawa. Kuma tsoronsa ba lokacin kallo yake zuwa ba sosai, sai an gama, an ɗauke wuta irin ta dumso, fanka ta tsaya, kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas yana hucewa, ga fitsari ya matse ka ga banɗaki can ƙarshen gida bayan igiyar shanya da wani ya bar farar jallabiya a kai.

Rabin da na yarda da shi kuwa ga shi. Yawancin fina-finan nan shara ne, ba ɓoye-ɓoye. Da aka ga dala dubu 15 ta haifi miliyoyi kowa ya ɗauki kyamara ya ruga daji ko tsohon asibiti, awa guda suna zagin juna, minti biyar na ƙarshe kyamara ta faɗi ƙasa, a rubuta ba a sake ganinsu ba. Jirin ma gaskiya ne, tun 1999 an samu waɗanda rawar kyamarar ta sa su tashin zuciya a sinima. Sannan ga tambayar da ba fim ɗin da ya amsa ta da kyau, wai kai abu na bin ka zai kashe ka amma baka yar da kyamara ba, kana gudu kana saita hoto? Su kansu masu Paranormal Activity da kuɗi ya shigo sai suka lalace, suka yi ta jan shi har fim 7, a na 2015 suka fito da aljanin fili da kwamfuta harda 3D, daga ranar da aka ga fuskarsa kuma ya zama ɗan wasa kaman kowa. Dabarar cewa wai da gaske ne ma ta mutu. Lokacin Blair Witch intanet sabuwa ce, suka buɗe shafi suka raba takardun cigiya da hotunan ƴan wasan, mutane da yawa suka shiga sinima suna zaton gawa suke kallo. Yau yaro ɗan ƙaramar sakandare zai binciko maka ƴar wasan a Instagram kafin a gama rubutun farko. Sai dai duk da haka kullum a WhatsApp ana turo mana bidiyon sisitibi wai an kama aljani a shago, hoto dishi-dishi ba kiɗa, kuma manya da gemunsu suna turawa gaba suna rubuta a'uzubillahi. Ashe har yanzu hoto mara kyau yafi kama da gaskiya a idonmu.

Wani abin da yake bani dariya kuma shine kaɗaicin saurayi da budurwar nan na Paranormal Activity. Gida mai bene, mutum biyu kacal, ayi ta buga ƙofa ana jan mace ta ƙafa daga kan gado har baranda, ba maƙwabcin da ya leƙo. Suka kira wani mai duba, ya shigo ya ji yanayin gidan yace shi ba zai iya tsayawa ba ya juya. A gidan haya na Aboabo ko Asawase ihu ɗaya zakiyi kiga mutum ashirin a tsakar gida, wani da tocila wani da taɓarya, Hajiya ta kawo garwashi da turare, a taso malam daga barci, kafin asuba an yi tofi an sha rubutu, da safe kuma a wajen mai koko kowa ya ji labari harda ƙari. Fim ɗin minti goma zai yi ya ƙare.

Duk da haka ni ina ganin samarinmu masu ɗaukan barkwanci da waya suna zuba wa a TikTok sun bar dama a ƙasa. Ba sai tsohon asibiti ba, ba sai hoda da kwalli ba. Ɗaki ɗaya da aka daɗe ba a haya ba a cikin kampawun, waya a jingine kan taga, bokitin ƙarfe a tsakar gida da zai matsa da kansa da ƙarfe uku na dare, sannan mutanen gida ashirin ɗin nan kowa ya rantse bai ji komai ba sai mutum ɗaya. In aka bar maƙwabtan a ciki ma zai fi tsoro, dan ace kana cikin jama'a amma kai kaɗai kake ji. Na kawo wa wasu yaran unguwarmu shawarar, sun so, har sun fara rabon wa zai fito a wa. Inda abin ya tsaya shine maigidan, yace ko nawa za a bashi ba za a ɗauki fim ɗin aljanu a gidansa ba, in ya bazu a waya wa zai ƙara kama masa ɗaki.

Nagode da bani fili.

Naku,
Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi