Kafin ka sayi motar Jamus ta hannu, ka tambayi bakanike

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in ja kunnen masu ɗokin sayen motar Jamus ta hannu, don ni na riƙe guda shekara huɗu kuma na ji a jikina.

Abin da ke ruɗar mutane shine arhar, ka ga mota mai shekara goma sha kuɗinta ya faɗi warwas sai ka ɗauka ka yi tsintuwa, alhali kayan gyaranta har gobe kuɗin motar manya ne basu sauka tare da ita ba. Daɗin tuƙi kam ba a magana wallahi, akan titi kamar an manna ta da ƙasa, wannan ba zan musa ba.

Amma mu zo kan cutukan. BMW akwai yoyon baƙin mai ta gaskit, ga kayan ruwan sanyaya inji yawanci roba ne, da zafi ya dafa su shekara da shekaru sai su tsage, wasu kuma famfon ruwansu na lantarki ne baya ba ka notis kawai mutuwa yake, in ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida to inji ka ƙona. Injinsu na dizal N47 da ya fito a 2007 sarƙar tayimin ɗinsa, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul da motsin fistin, a bayan inji take, in ta fara ƙara sai an sauke giya ko injin gaba ɗaya kafin hannu ya kai, kaga kuɗin aikin ma ya isa ya sa ka zufa. Ko batir ka canza sai an jona kwamfuta an sanar da motar, ikon Allah!

Mercedes kuwa masu shokozoba na iska wato Airmatic, irin S-Class ta 1998, in jakar iskar ta huje da safe zaka tarar motar ta durƙusa kamar raƙumi. Volkswagen da Audi masu injin 2.0 TFSI na wajen 2008 zuwa 2011 sun yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin, ga giyarsu ta otomatik da ake kira DSG, mai giya bakwai, da kwakwalwarta ke yawan ba da matsala.

Inda nake so a gane shine motar nan bata yafe jinkiri. Tawa ta fara ɗigar mai kaɗan na ce sai ƙarshen wata, man ya jiƙa bel ya kumbura ya zame, ƙaramin aiki ya koma babba, kuma laifina ne ba na kowa ba. Haka maganar wai man giya baya tsufa, kar ka yarda da ita, kamfanin ZF da ke ƙera giyar motoci da yawa cikinsu shi da kansa yana cewa a canza.

Saboda haka duk mai so ya saya, amma ya je da bakaniken da ya san su, a sa kwamfuta, a ɗaga ta a leƙa ƙasa, a ga takardun sabis. In mai motar ya ce ba sai an jona ba lafiyarta ƙalau, ka yi masa sallama kawai.

Naka mai karatu a kullum.