A yashe tafkunan ma'adinin kwal tun ruwa bai sauka ba

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan ruwan da ke gangarowa daga wuraren hakar kwal, musamman irin namu na Maiganga a karamar hukumar Akko nan jihar Gombe, inda aka shafe sama da shekara goma ana haka. Kowa maganar kura da hayaki yake, amma ni abin da ya fi damuna ruwa ne.

Hakar nan a bude ake yinta, sai an kwashe kasar sama an tara ta tuli tuli kafin a kai ga kwal din. To kasar nan ba ciyawa ba saiwa, ba abin da ya rike ta, idan ruwan Agusta ya sauka kamar da bakin kwarya sai ya debo ta ya yi rafi da ita, laka ta cike kwari, ta binne fadama, shanu su zo sha su tarar da tabo. Wannan ma ido na gani. Wanda ba a gani shi ne akwai wani dutse mai kibiritu da ke tare da kwal, muddin yana binne lafiya lau, amma da ya hadu da iska da ruwa sai ya zama asid, ruwan ya koma ja kamar tsatsa. Mutanen Inugu sun san wannan, tun 1916 aka fara hakar kwal a can, an dade da rufe ramukan amma har yau ruwan tsohon ramin Onyeama yana shiga kogin Ekulu. Wallahi bana so jikokinmu su gaji irin wannan.

Kuma maganin ba wani abin mamaki bane. A haka lambatu ta saman ramin a karkatar da ruwa mai tsabta tun bai taba kwal ba, wanda ya riga ya taba kuma a tara shi a tafki ya kwanta laka ta zauna kasa, a zuba masa farar kasa ta kashe tsamin sannan a sake shi, farar kasa kuwa Allah ya hore mana ita a Gombe. Tulin kasar a rage masa tsayi, a jera duwatsu a hanyar ruwa, a dasa ciyawar jema, saiwarta tana nitsewa kasa sosai ta kama kasa gam.

Amma inda gizo ke sakar shi ne yashe tafkin. Tafki idan laka ta cika shi ya tashi daga aiki, ruwa zai shiga ta nan ya fita ta can da dattinsa yadda ya zo, kaga an yi ba a yi ba kenan. Aikin rani ne wannan, a watan Maris ko Afrilu ya kamata a ga katafila a ciki tana kwashe laka, ba sai sama ta hada hadari a fara neman direba ba, kuma lakar da aka kwaso kar a jibge ta a bakin tafkin ruwan farko ya maida ta.

Doka ma akwai, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai kamfani ya kulla yarjejeniya da al'ummar wurin, ga kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Rokona gare su su zo su duba tafkunan da idonsu kafin damina, su dawo a tsakiyarta su debi ruwa a inda yake fita zuwa rafi a auna, sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a kofar mai gari, manomi da makiyayi su ji da kunnensu abin da suke sha.

Naku,
Mai karatu daga Kumo, jihar Gombe