Godiya ga masu gyaran janareta na Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam maigidan shagon gyaran ƙananan injuna da ke wajen Ƙofar Marusa, Katsina, da yaransa. Ni mai cajin waya ne, kuma ɗan janareta ƙirar Tiger ne jarina. Maƙwabci ya are shi ranar biki, aka cika masa tanki da zallan fetur. Ana tsakar hidima ya ɗauki zafi, ya yi ƙara, ya tsaya cak. Igiyar ma ta ƙi jawuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam, shi ne ba ka yanka mini kuɗi ba sai da ka nuna mini ɓarnar da idona. Ka cire filogi, ga shi a bushe ƙamas. Ka kwance salansa, ka haska fitilar waya ta kafar hayaƙi, sai ga jikin fiston duk zane daga sama har ƙasa. Da aka buɗe, ringi ya maƙale a cikin raminsa, alminiyon fiston ya narke ya liƙe a bangon silinda. Ka ce irin wannan injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar na mota. Man da ake gaurayawa da fetur shi kaɗai ke jiƙa fiston da boris. In babu shi, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Da wani ne, da tuni ya ce a sayi sabon inji. Kai kuwa ka girgiza sandar fiston, ka ji boris bai yi wasa ba, ka ce a bar shi. Aka kankare silinda, aka goge, aka sa sabon fiston da ringi da gaskit. Tsofaffin kayan ma a leda aka miƙo mini, abin da ba kowane bakanike ke yi ba.

Yaronka kuma ya koya mini awo: mililita 20 na man 2T, wato man da ake gaurayawar, a kowace lita ɗaya ta fetur, a haɗa a galan, a girgiza kafin a zuba, kuma kada a ɗora masa kaya da yawa a kwanakin farko.

Yanzu ja ɗaya yake tashi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaran shago albarka.

Naku,
mai cajin waya a Sabuwar Unguwa, Katsina